Ludwig Mond: Attajirin Da Kyautarsa Ta Fi Kamfaninsa Tsawon Rai

A cikin shekarar 2014 aka dakatar da yin soda a masana'antar Winnington da ke gundumar Cheshire ta ƙasar Ingila, bayan injunanta sun shafe shekara 140 suna aiki dare da rana. Shekara uku kafin wannan, masu kamfanin na yanzu, watau Tata na ƙasar Indiya, sun riga sun sauke tsohon sunan nan na Brunner Mond daga kan allo, sun maye shi da nasu. Shi kuwa ICI, ƙaton kamfanin sinadaran da ya tsiro daga wannan wuri har ya zama abin alfaharin Birtaniya, tun a 2008 wani kamfanin ƙasar Holan mai suna AkzoNobel ya haɗiye shi. Ke nan abin da Ludwig Mond ya gina domin neman riba, ko dai an rufe shi, ko kuwa ya koma hannun waɗansu. Abin da ya bayar kyauta kuwa, har gobe duniya tana cin moriyarsa.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi rayuwar wannan mutum, musamman a wannan lokaci da attajiranmu suke ta karkata ga haƙar ma'adinai da kafa masana'antun siminti da takin zamani da sauran sinadarai. Ra'ayinmu shi ne, ana auna kyautar mai masana'anta da ma'auni biyu. Na farko, tsawon lokacin da za ta ci gaba da aiki bayan mai ita ya kwanta dama. Na biyu, ko ta kai ga mutanen da suka ɗauki wahalar tara dukiyar. A ma'auni na farko Mond ya yi zarra, a na biyu kuwa akwai magana.

Daga Kassel Zuwa Winnington

An haifi Ludwig Mond ran 7 ga watan Maris, 1839, a garin Kassel na ƙasar Jamus, a gidan wani Bayahude mai fataucin siliki. Ya karanta kimiyyar sinadarai a Jami'ar Marburg, sa'an nan a ta Heidelberg a hannun shahararren malamin nan Robert Bunsen, amma ya bar jami'a bai karɓi digiri ba, ya shiga aiki a masana'antu. A 1862 ya ƙetara zuwa Ingila yana ɗan shekara 23, ya kama aiki a garin Widnes, wanda a lokacin yake cibiyar masu yin soda.

Ya kamata mai karatu ya san mece ce wannan soda. Ba komai ba ce face 'yar'uwar kanwa da ungurnu da fatake suka shafe ɗaruruwan shekaru suna ɗaukowa daga yankin Tafkin Chadi zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. Sinadarin da ke cikinsu ɗaya ne, sai dai ita ta masana'anta tatacciya ce, babu ƙasa babu gauraye. Da ita ake yin gilashi da kwalba da sabulu da takarda, haka kuma masaƙu suna bukatarta wajen wanke zare da rini. Da yake Turai ba ta da kanwar da za ta ishe ta, sai da ta koyi haɗa tata daga gishiri.

Hanyar da ake bi a wancan zamani, wadda wani Bafaranshe mai suna Nicolas Leblanc ya ƙago, ƙazama ce ƙwarai da gaske. Hayaƙinta yana ƙona itatuwa da amfanin gona, har sai da majalisar dokokin Birtaniya ta kafa doka a kansa a 1863. Dagwalon da take bari kuwa ya fi sodar kanta nauyi, ana jibge shi a bayan gari yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. A cikin wannan juji Mond ya fara neman abincinsa, domin ya gano dabarar ciro farar wuta daga dagwalon a sake sayar da ita. Tun daga nan halinsa ya bayyana: abin da kowa ya ɗauka shara ce, shi yakan tsaya ya bincika abin da ke cikinta.

A 1872 ya tafi Beljiyam ya sadu da Ernest Solvay, wanda ya samo sabuwar hanyar yin soda da ruwan gishiri da dutsen farar ƙasa da amoniya, inda ita amoniyar ake ta juya ta ana sake amfani da ita. Hanyar ta fi ta dā arha da tsabta. Mond ya sami izinin aiki da ita a Birtaniya, sa'an nan a 1873 ya haɗa gwiwa da abokinsa John Brunner, wanda suka san juna a ma'aikatar Widnes inda Brunner yake kula da ofis da lissafi. Jarinsu kaɗan ne, kuma mafi yawansa rance. Suka zaɓi Winnington, kusa da garin Northwich, domin gishiri yana nan kwance a ƙarƙashin ƙasa, ga kuma kogin Weaver da zai kai kaya tashar jiragen ruwa ta Liverpool. Shekarar farko hasara suka tafka. Mond yana fama da injunan da suke yawan lalacewa, Brunner yana fama da masu bin bashi. Amma zuwa 1881 sun tsaya da ƙafarsu har sun mai da kamfanin na hannun jari, kuma cikin shekara 20 da kafuwarsa babu mai yin soda kamarsa a duniya.

Yadda Ya Shiga Haƙar Ma'adinai

A ƙarshen shekarun 1880 ana gwajin wata dabara ta ciro sinadarin kulorin, sai aka lura makunnan bututun da aka ƙera da ƙarfen nikel suna cinyewa, alhali an san nikel ba ya tsatsa da sauƙi. Da wani mai masana'antar ne, da canza makunnan kawai zai yi ya ci gaba da harkarsa. Mond kuwa ya kai matsalar ɗakin gwaje-gwajen da ya gina a gidansa na Landan. A nan shi da mataimakansa, Carl Langer da Friedrich Quincke, suka bayyana a 1890 cewa iskar nan mai guba da garwashi yake fitarwa, wadda masana suke kira kabon-monoksaid, tana haɗuwa da nikel a zafi kaɗan, kimanin digiri 50, su zama tururi. In aka ƙara zafin ya haura digiri 200, sai tururin ya rabu, nikel zalla ya sauka, iskar ta koma a sake aiki da ita. Watau an sami hanyar raba nikel da sauran ƙarafan da yake cakuɗe da su a cikin dutse.

A lokacin kasuwar nikel tana tashi, domin ana gauraya shi da baƙin ƙarfe ya ƙara masa ƙarfi, musamman wajen ƙera jiragen ruwan yaƙi. Mond ya sayi filayen ma'adinai kusa da Sudbury a lardin Ontario na ƙasar Kanada, ya kafa kamfanin Mond Nickel a 1900 yana da shekara 61, sa'an nan a 1902 ya buɗe matatar nikel a Clydach, kusa da Swansea a yankin Wales. A 1929 kamfanin ya haɗe da International Nickel, wanda shi kuma kamfanin Vale na ƙasar Birazil ya saye a 2006.

Mond ya rasu a Landan ran 11 ga watan Disamba, 1909. Ɗansa Alfred ne ya jagoranci haɗa Brunner Mond da waɗansu kamfanoni uku a 1926 aka sami ICI, ya kuma zama shugabansa na farko. Inuwar wannan gida ta kai har ƙofarmu. A ɗakin gwaje-gwajen Winnington aka gano robar folitin a 1933, wadda da ita ake yin ledar da ta cika kasuwanninmu. Kamfanin CAP da ke yin fentin Dulux a Nijeriya asalinsa reshen ICI ne. A Kenya kuma, tun 1924 kamfanin Brunner Mond ya karɓi aikin haƙar kanwar Tafkin Magadi yana tace ta tana zama soda.

Irin Kyautar Da Ya Yi

Mond bai jira ranar mutuwa ba kafin ya fara bayarwa. A 1881 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana'antun sinadarai ta Birtaniya, domin a riƙa haɗa malaman jami'a da masu masana'antu a zaure ɗaya. Babbar kyautarsa ta zo a 1896, sa'ad da ya sayi gidan da ke maƙwabtaka da cibiyar kimiyya ta Royal Institution a titin Albemarle na birnin Landan, ya mai da shi ɗakin bincike, ya zuba kayan aiki, sa'an nan ya ware asusu na musamman wanda daga ribarsa za a riƙa tafiyar da wurin. Gaba ɗaya abin ya ci masa kimanin fam 100,000, kuɗin da leburan wancan zamani ba zai samu ba ko da zai yi shekara dubu yana karɓar albashi. Bai sa wa wurin sunansa ba. Ya sa masa sunan Davy da Faraday, manyan masana biyu da suka yi aiki a cibiyar kafin zamaninsa. Ya kuma bar ƙofa a buɗe ga mai bincike ko daga wace ƙasa ya fito, namiji ne ko mace.

Sai mu dubi abin da wannan shuka ta haifar. James Dewar, wanda ya ƙago fulas ɗin da muke zuba shayi, yana cikin shugabannin wurin na farko, kuma a wannan cibiya ya zama mutum na farko da ya sanyaya iskar haidurojin har ta zama ruwa a 1898. Daga 1923 William Bragg ya karɓi ragama, ya tara matasa masu amfani da hasken nan da asibitoci suke ɗaukar hoton ƙashi da shi domin gano yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa a cikin abubuwa. Daga cikinsu akwai Kathleen Lonsdale, wadda a 1945 ta zama ɗaya daga mata biyu na farko da aka zaɓa cikin majalisar masana ta Royal Society. A 1965 kuma, a wannan ɗaki, David Phillips da abokan aikinsa suka zana siffar lisozim, sinadarin da ke cikin hawaye da farin ƙwai mai kashe ƙwayoyin cuta. Wannan ne karo na farko da aka ga siffar irin waɗannan sinadarai masu hanzarta ayyukan jiki, kuma irin wannan ilimi ne masu haɗa magunguna suke dogara da shi a yau. Tsakanin ranar da Mond ya ba da kuɗi da ranar wannan nasara akwai shekara 69.

A cikin wasiyyarsa ya bar wa Royal Society fam 50,000, ya bar kamar haka ga Jami'ar Heidelberg, ya kuma tuna da garin haihuwarsa Kassel. Daga wannan wasiyya aka ɗebi fam 15,000 aka gina ɗakin bincike na Mond a Jami'ar Kambirij, wanda aka buɗe a 1933 domin wani masani ɗan Rasha, Pyotr Kapitza, wanda daga bisani ya sami lambar Nobel a 1978. Zane-zanen tsofaffin gwanayen Italiya da ya tara kuwa, guda 42 daga ciki sun koma gidan adana zane na National Gallery a 1924, bayan rasuwar matarsa Frida. A cikinsu har da aikin Raphael, kuma kowa yana iya shiga ya kalla ba tare da biyan ko anini ba.

Abubuwa uku ne, a ganinmu, suka ba wannan kyauta tsawon rai. Na ɗaya, bai tsaya ga gini kaɗai ba, ya haɗa ginin da asusun da zai ciyar da shi. Na biyu, ya damƙa amanar ga cibiyoyin da suka riga suka kafu, masu dokokinsu da amintattunsu, bai ɗaura ta a wuyan 'ya'yansa ko kamfaninsa ba, saboda haka sa'ad da kamfanin ya canza hannu, guguwar ba ta taɓa ta ba. Na uku, bai ce lalle sai an binciko abin da zai amfani masana'antarsa ba, kuma bai nemi ganin sakamako da idonsa ba. Mutumin da makunnin bututu ya kai shi ga mallakar ma'adinai a Kanada ya san cewa ba a sanin inda bincike zai ɓulla tun daga farko.

Abin lura ne cewa gidan Tata, wanda ya kammala sayen Brunner Mond a 2006, shi ma a kan irin wannan tunani aka gina shi. Jamsetji Tata ya ware kaso mai tsoka na dukiyarsa domin kafa cibiyar kimiyya ta Indiya a Bangalore, wadda aka kafa a 1909, shekarar da Mond ya rasu. Kimanin kashi biyu cikin uku na hannun jarin uwar kamfanonin Tata suna hannun asusun jin ƙai ne.

Bashin Da Kyauta Ba Ta Biya Ba

Adalci ya sa mu fara da cewa Brunner da Mond sun fi yawancin takwarorinsu kula da ma'aikata. Tun 1884 suka fara ba da hutun mako guda a shekara tare da albashi, kuma wajen 1890 suka rage aikin masu karɓa-karɓa daga awa 12 zuwa awa 8, a lokacin da sauran masu masana'antu suke ganin yin haka ɓarnar dukiya ce. Sun gina gidajen ma'aikata. Brunner kuwa a gida ya fi zuba tasa kyautar: ɗakin karatu a Northwich, makarantu a ƙauyukan da ke kewaye, da kujerun shehunan malamai a jami'ar Liverpool.

Duk da haka, dukiyar nikel ba ta zo a banza ba. Tururin nan da ya ba Mond suna guba ne mai kisa, kuma ya yi ajalin ma'aikata a Clydach tun farkon buɗe matatar. Bayan wannan sai ga wata masifa mai tafiyar hawainiya. Waɗanda suka yi aiki a cikin ƙurar matatar a shekarunta na farko sun riƙa kamuwa da sankarar hanci da ta huhu fiye da sauran jama'a nesa ba kusa ba. Binciken da likitan nan Richard Doll ya buga a 1958 yana cikin waɗanda suka tabbatar da girman abin, kuma gwamnatin Birtaniya ta sa waɗannan cututtuka cikin jerin waɗanda ake biyan ma'aikaci diyya a kansu. A Sudbury kuwa, kamfanonin nikel, har da na Mond, sun riƙa gasa dutse a fili a kan tarin itace, hayaƙin farar wuta yana ƙone ciyayi har ƙasar ta zama baƙin fako. Sai a 1978 aka fara babban aikin farfaɗo da ita da dasa miliyoyin itatuwa, kuma jikokin waɗanda suka shaƙi hayaƙin ne suka yi dashen. Haka nan a Magadi, Masai mazauna wurin sun daɗe suna kuka a kan faɗin ƙasar kiwon da Turawan mulkin mallaka suka yanka wa kamfanin soda.

Ba mu ce a ɗora wa Mond dukkan wannan ba. Da yawa daga ciki ya faru ne bayan rasuwarsa, kuma ilimin cututtukan sana'a bai yi nisa ba a zamaninsa. Amma akwai abin da ba za a iya kauce masa ba. Abin da ke cin makunnin ƙarfe, cikin ɗan lokaci aka gano shi, domin yana taɓa riba. Abin da ke cin huhun ma'aikaci kuwa sai da aka shafe shekaru gommai kafin a tsaya a bincika shi sosai. Zane-zanen suna Landan, ɗakin binciken yana Kambirij, amma matan da aka bari da marayu suna Clydach. Kyauta, komai girmanta, ana yin ta ne bisa ganin dama. Lafiyar ma'aikaci da gyaran ƙasar da aka haƙa kuwa haƙƙi ne, kuma sadakar da aka kai wani gari ba ta sauke haƙƙin da aka bari a gida.

Abin Da Ya Shafe Mu

Wannan batu ba baƙo ba ne a gare mu. Wanda ya taɓa bi ta tsaunukan Jos ya ga kududdufan da kamfanonin kuza suka bari, waɗanda har yanzu sukan ci mutane da dabbobi, alhali ribar ta daɗe da ƙetare teku. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Jihar Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar da yake aiki a cikinta, ya kuma tanadi kuɗin gyaran muhalli. Saboda haka mataki na farko ga duk wanda ya shiga wannan harka shi ne ya cika wannan da gaske: takunkumin ƙura da gwajin lafiyar ma'aikata a kai a kai, ruwan sha mai tsabta ga ƙauyen da ke ƙasa da ma'aikata, da cike rami bayan an gama haƙa. Kada a rubuta waɗannan a shafin taimako a kira 'yan jarida su ɗauki hoto. Wurinsu shafin kuɗin gudanarwa ne, tare da man inji da albashi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Bayan an sauke haƙƙi, sa'an nan a zo maganar kyauta. Babu mai musun cewa attajiranmu suna da hannun bayarwa. Ana rabon hatsi da azumi, ana haƙa rijiyoyi, ana gina masallatai da asibitoci da ɗakunan kwanan ɗalibai. Inda muke da rauni shi ne abin da ke biyo bayan yanke ƙyalle. Sau da yawa akan gina ɗakin gwaje-gwaje a jami'a, a liƙa sunan mai kyauta da manyan baƙaƙe, bayan shekara biyar a tarar babu sinadaran gwaji, babu wutar lantarki, na'urar da aka sayo da tsada tana lulluɓe da ƙura domin babu kuɗin gyara. Tun 2004 kamfanin iskar gas na NLNG yake ba da kyautar kimiyya, wannan abin yabo ne, sai dai tukuici ne ga aikin da aka riga aka kammala. Abin da ya fi ƙaranci shi ne mai ɗaukar nauyin binciken tun yana tsakiya, lokacin da babu wanda ya san ko zai yi nasara.

Ga misali a gabanmu. Kanwa tana nan a yankin Tafkin Chadi, muna sayar da ita a buhu yadda kakanninmu suka sayar, alhali masana'antun gilashi da na garin sabulu a ƙasar nan suna kashe kuɗin waje suna shigo da soda. Ko kanwarmu tana da yawa da ingancin da za ta ɗauki masana'anta, tambaya ce da ɗakin bincike kaɗai zai amsa. Tun 1987 gwamnati ta kafa hukumar binciken albarkatun masana'antu, amma hukuma ɗaya mai jiran kasafin kuɗi ba za ta iya ɗaukar dukkan kayan ba. Attajiri ɗaya, ko ƙungiyar 'yan kasuwa irin ta Kantin Kwari ko Dawanau, za su iya ɗaukar nauyin kujerar shehun malami a sashen kimiyyar sinadarai na jami'ar Zariya ko Kano ko Jos ko Maiduguri, tare da ɗalibai da kayan aiki, na tsawon shekara 20. Ba sai mun aro wannan tsari daga Turai ba. Al'adar wakafi tana nan a wurinmu, inda akan tsayar da gida ko gona ko rumfa, abin da ya fito daga ciki ya riƙa tafiya ga alheri. Faɗaɗa ta kawai ake bukata ta kai ga ɗakin bincike.

Mun san za a ce, ina amfanin zancen bincike ga mutumin da bai ci abincin rana ba? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba mu ce a rufe rumbun ciyarwa ba. Amma buhun shinkafa yana ƙarewa cikin wata guda, ita kuwa masana'antar da bincike ya haifar tana ciyar da gidaje shekara da shekaru. Za a kuma ce ai tun 1993 doka ta ɗora wa kamfanoni harajin ilimi. Gaskiya ne, amma haraji yana bin ra'ayin gwamnatin da ke kan mulki, ana raba shi ga makarantu barkatai, ba ya iya riƙe bincike ɗaya na tsawon shekara 20 ba tare da yankewa ba.

Uzurin da ya fi ƙarfi shi ne na faɗuwar darajar Naira da kuma rashin amana. Asusun da aka ajiye da tsabar kuɗi a banki, hauhawar farashi za ta cinye shi kafin jikan mai shi ya yi wayo. Maganin wannan shi ne a tsayar da wakafin a kan kadarar da take tashi tare da farashi, kamar gidajen haya, rumfunan kasuwa, ko hannun jarin kamfanoni masu ƙarfi daban-daban, ba na kamfanin mai kyauta kaɗai ba. Maganin rashin amana kuwa shi ne rubutu. A yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, a sa waɗanda ba dangi ba a cikinsu, a fayyace abin da za a kashe kuɗin a kai, sa'an nan a wajabta binciken lissafi da buga shi kowace shekara. Mun ga gidajen arziki da yawa da suka watse kafin a yi sadakar arba'in, ayyukan alherin mai gida suka tsaya cak ranar da magada suka shiga kotu. Abin da aka fitar daga dukiya tun mai ita yana raye, aka rubuta aka sa shaidu, shi ne yake tsira daga wannan.

Kamfanin da ya fi kowa yin soda a duniya ya rufe masana'antarsa ta asali, ICI ya shuɗe, ma'adinan Sudbury sun koma hannun 'yan Birazil. Babu kamfanin da ke da tabbacin zai wuce wannan ƙaddara, ko a Legas yake ko a Kano. Don haka muna kira ga masu masana'antu da masu lasisin haƙar ma'adinai da su zauna da akawu da lauya tun suna da ƙarfinsu, su duba littattafai biyu. Na farko shi ne na haƙƙin ma'aikata da maƙwabta, a tabbatar babu saura a cikinsa. Na biyu shi ne na abin da za a tsayar domin ilimi, da sunayen waɗanda za su riƙe amanarsa bayan an sauke allon kamfani.